Hoton Haƙora da Muƙamuƙi

Idan yaro ya kai shekara 6 ko 7, sai haƙoransa na gaba su fara girgiɗa. Yau ya taɓa da harshe, gobe ya taɓa da yatsa, ran nan yana cikin gaigayar goruba sai ya ga haƙori a hannunsa. Wannan shi a ke kira famfara. A Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, har da sauran garuruwa, yara su kan gargaɗi mai famfara, su ce ya rufe bakinsa kada ƙadangare ya ga giɓin, wai in ya gani sabon haƙori ba zai tsiro ba. Sai ka ga yaro yana tafiya makaranta da hannu a baki, yana hararar kowace katanga.

Ƙadangare dai ba ruwansa. Sabon haƙorin nan ya daɗe da samuwa. Tun yaron yana jariri ɗan wata 3 ko 4, ana goyonsa, haƙorin ya fara ƙulluwa a cikin ƙashin muƙamuƙi, yana girma a ɓoye shekara da shekaru, yana jiran lokacinsa. A da, sai masanan da suka binciki ƙasusuwa kaɗai suka san haka. Yanzu kuwa akwai wani irin hoto da a ke ɗauka a asibiti, wanda ke nuna dukan haƙoran mutum a takarda ɗaya, na sama da na ƙasa, waɗanda suka fito da waɗanda ba su fito ba tukuna, tare da ƙashin da su ke ciki, tun daga gindin wannan kunne har zuwa gindin wancan. Ba a tsaga ko'ina, ba a zub da jini, mutum bai ma ji an taɓa shi ba.

Asalin abin daga ƙasar Jamus ya ke. A wani gari wai shi Wurzburg an yi wani shaihin malami, sunansa Wilhelm Rontgen. Ran 8 ga Nuwamba 1895 yana cikin ɗakin bincikensa, ya rufe ko'ina ya yi duhu, yana sakar wa wata kwalba wutar lantarki. Kwalbar nan an zuƙe iskar cikinta, ya kuma lulluɓe ta da baƙar takarda mai kauri don kada haske ya fita. Sai ya hangi wani ɗan allo da aka shafa wa magani, can gefe guda, yana ƙyalli. Ya kashe wuta, ƙyalli ya ɓace. Ya kunna, ƙyalli ya komo. Nan ya gane lalle akwai wani haske da ke fitowa daga kwalbar, ido ba ya ganinsa, amma yana ratsa takarda kamar ba ta nan. Ya tara littafi, hasken ya ratsa. Ya tara katako, ya ratsa. Da ya tara darma, sai ta tare shi. Da ya ke bai san ko wane irin haske ne ba, sai ya sa masa sunan harafin X, wanda masu lissafi ke rubutawa a madadin abin da ba a sani ba. Daga nan aka sami kalmar eksire, ko da ya ke a asibitocin ƙasar Hausa an fi cewa hoton ƙashi, ko kuwa hoto kurum.

Ran 22 ga Disamba na wannan shekara ya sa matarsa ta ɗora hannunta a kan farantin ɗaukar hoto, ya haska. Da aka wanke, sai ga ƙasusuwan yatsunta a jere, ga zobenta kamar yana rataye a jikin ƙashi. Labari ya game duniya cikin 'yan makonni. A 1901 aka ba shi kyautar Nobel. Bai yarda ya mai da abin da ya gano hajar sayarwa ba, ya bar wa jama'a kowa ya amfana.

Yadda hoton ke fita ba wuya a gane shi. In dare ya yi ku kunna tocilan, ku kife tafin hannu a kan bakinta. Za ku ga gefen yatsu ya yi ja, domin haske kaɗan ya ratsa nama. Hasken eksire ya fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba. Yana ratsa fata da nama da sauƙi, ƙashi kuwa ya kan tare da yawa daga cikinsa. Saboda haka hoton eksire inuwa ce. Inda aka tare hasken wurin ya fito fari, inda ya wuce salin alin wurin ya fito baƙi. Farin ɓawon da ya rufe kan haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi, don haka haƙora su kan fito fari fat. Ƙashi ya fito toka-toka, iska da kogo su fito baƙi. Ƙarfe ya fi kome tare hasken. Alhajin da ya sa haƙorin Makka, ko ya rufe baki ruf, hoto sai ya tona shi, gama haƙorin zai fito yana walƙiya a cikin 'yan'uwansa.

Likitocin haƙori ba su yi sanyin jiki ba. A farkon 1896 wani likitan haƙori Bajamushe, Otto Walkhoff, ya naɗe ɗan farantin gilashi a cikin baƙar takarda da roba, ya sa a bakinsa, ya tsaya cik har minti 25 ana haska shi. Hoton da ya samu dishi-dishi ne, amma shi ne mafari. Daga baya aka ƙera ɗan ƙaramin fim da a ke sa wa mutum a baki, a bayan haƙorin da ke ciwo. Har yau ana amfani da irinsa, yana kuwa da kyau ƙwarai, sai dai haƙora 3 ko 4 kaɗai ya ke nunawa. Wanda ke son ganin baki duka sai ya ɗauki hoto fiye da 10, kuma duk da haka ba zai ga ƙuryar muƙamuƙi ba, balle gaɓar da ke kusa da kunne.

To, me ya hana a ɗauki babban hoto guda a huta? Abin da ya hana shi ne siffar muƙamuƙi. Ku shafa naku daga kunne zuwa haɓa, daga haɓa zuwa ɗaya kunnen, za ku ji a lanƙwashe ya ke kamar baka. In aka haska shi daga gefe, inuwar haƙoran dama sai ta hau kan ta hagu, su cakuɗe. In aka haska daga gaba, ƙashin wuya da na ƙoƙon kai su shiga ciki. Ku dubi hular da ke kan malaminku. Ko ta ina kuka tsaya, rabin zanenta kaɗai za ku gani. Amma in aka farke ɗinkin aka shimfiɗa ƙyallen a kan tebur, sai zanen duka ya bayyana daga farko har ƙarshe, kamar yadda ya ke a hannun maɗinki kafin ya haɗa bakin. Abin da masana suka yi ta nema ke nan, watau dabarar da za a shimfiɗe muƙamuƙi a takarda ba tare da an taɓa mai shi ba.

Wani likita a ƙasar Japan, Hisatugu Numata, ya gwada a 1933. Ya sa dogon fim a cikin bakin mutum, ya bi lanƙwasar haƙora da shi, ya zagaya da hasken ta waje. Amma wanda ya kai aikin gaci shi ne Yrjo Paatero, wani malamin likitancin haƙori a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, can arewacin Turai inda sanyi ya ke da tsanani. Tun daga shekarun 1940 ya duƙufa a kan abin. Ya fid da fim daga baki ya mai da shi waje. Da fari mutumin a ke zaunarwa a kujera mai juyawa, fitilar eksire tana tsaye wuri ɗaya. Daga baya, shi da wani injiniya mai suna Timo Nieminen suka juya al'amarin: mutum ya tsaya cik, na'ura ta yi zagayen. A 1961 aka fara ƙera na'urar don sayarwa ga asibitoci, kuma waɗanda a ke aiki da su yau jikokinta ne.

Ga yadda a ke ɗaukar hoton. Da mutum ya shiga ɗaki, sai ma'aikaci ya ce ya cire duk wani ƙarfe da ke kansa ko wuyansa: 'yan kunne, da sarƙa, da tabarau, da fil ɗin da mata ke kama mayafi da shi. Yarinyar da ta ɓoye ɗan kunne ɗaya a ƙarƙashin ɗankwali ta ɓata aikin, domin ɗan kunnen zai fito sau 2, sau ɗaya a inda ya ke, sa'an nan wata babbar inuwarsa ta bayyana a ɗaya gefen, ta rufe abin da likita ke son gani. Bayan wannan sai mutum ya tsaya a gaban na'ura, ya miƙe wuya, ya riƙe mariƙai biyu, ya ɗora haɓa a kan wani ɗan matashi. Akwai wani ɗan tsinke na roba mai tsaga, sai ya cije shi da haƙoran gaba, na sama da na ƙasa su daidaita. A ce masa ya rufe leɓe, ya manna harshe a ganɗa, kada ya motsa. Manna harshen nan ba don wasa ba ne. In ya bar harshe a kwance, iskar da ke tsakaninsa da ganɗa za ta fito baƙa, ta lulluɓe saiwoyin haƙoran sama.

Na'urar tana da hannu mai kai biyu, suna fuskantar juna, kan mutum yana tsakani. Kai ɗaya shi ne fitilar eksire, ɗayan shi ne mai karɓar inuwa. A da fim ne, sai an shiga ɗaki mai duhu an wanke. Yanzu galibi wani faranti ne da ke aika hoton ga kwamfuta nan take. Da ma'aikaci ya danna maɓalli, sai hannun ya fara zagaye a hankali, fitila ta bi ta ƙeya, mai karɓa ya bi ta gaban fuska. Hasken ba ya bazuwa, siriri ne a tsaye, kamar hasken rana da ke shigowa ɗaki ta tsagar ƙyaure. Yana tafe yana sharar muƙamuƙi kaɗan kaɗan, daga wannan kunne zuwa wancan. Duka aikin bai cika wuce daƙiƙa 20 ba, watau kafin yaro ya ƙirga 1 zuwa 20 a natse an gama.

Watakila wani mai kaifin hankali a cikinku ya ce, ai hasken ya ratsa ƙeya da wuya kafin ya kai ga haƙora, to, ina inuwarsu ta tafi? Tambaya ce mai kyau, kuma a nan gwanintar Paatero ta ke. Wanda ya taɓa shiga mota daga Kazaure zuwa Kano ya san in mota tana gudu, itatuwan bakin hanya su kan wuce fuu, ba a ko iya ƙirga rassansu. Amma in wata mota ta jero da taku, gudunku ɗaya, za ku ga direbanta sarai, har ku karanta rubutun da ke jikin ƙofarta. Haka aka yi wa na'urar nan. An daidaita tafiyar mai karɓa da tafiyar inuwar haƙora, gudunsu ɗaya, saboda haka haƙora da muƙamuƙi su fito sarai. Inuwar sauran ƙasusuwa kuwa gudunta dabam ne, sai ta shafe ta zama hazo-hazo. Shi ya sa a ke matsa wa mutum ya cije tsinken nan daidai. In ya tura kai gaba, haƙoransa na gaba su fito sirara. In ya ja da baya, su fito da faɗi kamar na doki. In kuwa ya motsa, sai a ga muƙamuƙi ya karkace, har a zaci karaya ce.

Hoton da ya fito daidai ya kan yi kama da mai murmushi. Damar mutum tana hagun takarda, hagunsa tana dama, kamar dai yana tsaye yana fuskantarku.

Babu hoton da ya kai na ɗan shekara 6 ban mamaki. Haƙoran nono 20 ne, 10 a sama, 10 a ƙasa, haƙoran babban mutum kuwa 32. A hoton yaron da bai fara famfara ba za a ga na nono 20 a jere, sa'an nan a ƙarƙashinsu da bayansu ga waɗansu 28 a cunkushe cikin ƙashi, kowanne a cikin 'yar jakarsa, wani ya kusa gamawa, wani kansa kaɗai aka ƙera ba saiwa tukuna. Haƙora 48 ke nan a ɗan bakin nan! Sauran 4, watau turamen can ƙurya, ba su kan fara nunawa a hoto ba sai wajen shekara 9 ko 10.

Hoton ya kuma warware wata tambaya da yara ke yi: don me haƙorin famfara ba shi da saiwa? Da yana da ita, doguwa ma. Sa'ad da sabon haƙori ya taso daga ƙasa, sai saiwar tsohon ta riƙa narkewa a hankali, har ya zama ba abin da ke riƙe da shi sai ɗan dasashi. A hoto ana ganin wannan ƙuru-ƙuru, ga wani saiwarsa cikakkiya, ga na kusa da shi saura rabi. Ashe haƙorin nono mai tsaron wuri ne. In ya ruɓe aka cire shi tun lokaci bai yi ba, maƙwabtansa su kan karkato su cinye filin, sabon ya zo ya rasa wuri, ya fito a karkace ko ya hau kan ɗan'uwansa.

Akwai kuma wani haƙori da a ke yawan zalunta. Wajen shekara 6, turmi na farko na dindindin ya kan fito a bayan haƙoran nono, 2 a sama, 2 a ƙasa. Da ya ke ba wanda ya faɗi kafin ya fito, iyaye da yawa su kan ɗauka shi ma na nono ne. In alawa da lemon kwalba suka yi masa kogo, sai a ce a bar shi, ai zai faɗi wani ya tsiro. Hoto kuwa yana nuna ƙarƙashinsa wayam, ba magaji. In ya tafi ya tafi ke nan, alhali shi ne babban matauni, da shi za a ci tuwo da nama har tsufa. Wannan haƙori ya cancanci asuwaki ko buroshi safe da dare fiye da kowanne.

Ba don kallon haƙoran yara kaɗai a ke ɗaukar hoton ba. Ya fi amfani ran da wani abu ya faru. A ce yaro ya faɗo daga kan mangwaro, ko babur ya ka da mutum, ya bugu a haɓa. Muƙamuƙin ƙasa, da ya ke ya haɗu da ƙoƙon kai ta gefe biyu, kamar zobe ya ke. Ku gwada karya ƙuli-ƙuli mai zobe, da wuya ya karye a wuri ɗaya. Haka muƙamuƙi, sau da yawa in ya tsage kusa da haɓa, akwai wata karayar a can gindin kunne, inda ido ba ya gani, hannun maɗori kuma ba ya kaiwa, kome gwanintarsa. Ciwon haɓa ya warke, kowa ya manta. Amma in karayar gindin kunne ta kama ba daidai ba, gaɓar tana iya haɗewa da ƙashin kai. Baki ya riƙa ƙin buɗuwa, wata bayan wata, har ya zama cokali ba ya shiga, haɓar yaron kuma ta daina girma. Gyaran wannan sai babbar tiyata. Saboda haka duk yaron da ya bugu a haɓa, sa'an nan ya ji haƙoransa ba su haɗuwa kamar da, ko buɗe baki yana yi masa zafi a gaban kunne, ya faɗa wa iyayensa a ranar, a kai shi asibiti.

Haka kuma kumburin muƙamuƙi wanda ba ya zafi. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane, su yi ta shafe-shafe shekara tana zagayowa. Wani lokaci ƙari ne ke cin ƙashi daga ciki. A hoto ya kan fito baƙi, wani mai ɗakuna ɗakuna kamar kumfar sabulu. In an gan shi yana ƙarami, aikin ƙarami ne. In an bar shi, sai an yanke ƙashi mai yawa.

Turamen ƙurya su ma su kan ba da wahala. Galibi daga shekara 17 zuwa sama su ke fitowa, shi ya sa Turawa ke ce musu haƙoran hankali. Wani ya kan rasa wuri, ya kwanta a cikin ƙashi ya tokare na gabansa. A cikin muƙamuƙin ƙasa kuwa akwai wata jijiya da ta bi ta ƙarƙashin saiwoyi, ita ke sa leɓen ƙasa ya ji taɓi. Likita ya kan dubi hoto ya ga tsakanin saiwa da jijiyar kafin ya sa hannu. Mai cire haƙori a kasuwa ba shi da wannan ido, da ƙarfi kawai ya ke aiki, in saiwa ta karye ta zauna a ciki ma ba zai sani ba.

Duk da haka ba kowane ciwon haƙori ke bukatar wannan hoto ba. Ɗan ƙaramin kogo da ke tsakanin haƙora biyu ya kan ɓace masa, nan ƙaramin fim na cikin baki ya fi shi. Kuma hasken eksire ba abin wasa ba ne. Likitocin farko, da ba su san haɗarinsa ba, sun riƙa riƙe fim da hannu kullum, har waɗansu suka rasa yatsu. Na'urorin yanzu kaɗan su ke fitarwa. Akwai irin wannan haske a cikin ƙasa da duwatsu da sararin sama, kowa yana samunsa kullum bai sani ba, kuma abin da hoto ɗaya ke ba mutum bai wuce na 'yan kwanaki ba. Da an saki maɓalli hasken ya ɗauke, ba ya zama a jiki. Amma ma'aikaci, da ya ke shi kullum yana ɗakin, ya kan koma bayan bango ko allon darma kafin ya danna. Mace mai juna biyu ta faɗa tun kafin a fara. Likita ne ke cewa a ɗauka, ba mutum ya je don sha'awa ba.

Na'urar tana da tsada, tana kuma son wutar lantarki tsayayya da ma'aikaci wanda ya koyi aikin, saboda haka a manyan birane aka fi samunta. Mutumin Kazaure ko na ƙauyukanta ya kan fara zuwa babban asibitin garin. In likita ya ga abin na muƙamuƙi ne, sai ya rubuta masa takarda zuwa Kano, tafiyar kimanin kilomita 80 ta hanyar Ɗambatta. A can akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana da sashe na musamman na haƙori da muƙamuƙi. In an ba mutum hotonsa ya komo da shi gida, ya adana shi a shimfiɗe cikin ambulan, kada ya naɗe, kada ya bar shi a rana. Ran da ya koma, likita zai ajiye tsohon kusa da sabon, ya ga ko karaya ta kama, ko kuwa haƙorin da a ke jira ya matso.

Tambayoyi

1. Don me haƙori ke fitowa fari a hoton eksire, kogo kuwa baƙi?
2. Me ya sa a ke cire 'yan kunne kafin a ɗauki hoton?
3. Wane haƙori ne ke fitowa wajen shekara 6 wanda ba shi da magaji?
4. Ku wanke hannu, ku dubi madubi, ku ƙirga haƙoranku na sama da na ƙasa. Nawa ne na nono, nawa ne sababbi?